Ɗan madubin ƙara girma da na siyo wa yara, bayan wata 2 muna fama da shi

Tun da aka ba da dogon hutu yaran nan suka liƙe wa wayata, daga katun sai gem, in na ƙwace kuma gidan ya kaure da kuka. Shi ne na ga tallan wani ɗan maikuroskop na aljihu a intanet, tsayinsa bai wuce tafin hannu ba, yana da 'yar fitila a baki, batir ƙarami guda ɗaya yake ci. Na yi oda aka sako min shi a mota. Yanzu wata 2 kenan, bari dai in faɗi abin da na gani tsakani da Allah.

Farko dai mai siyarwan ya zuga abin. A tallan ya rubuta wai yana ƙara girma sau 1000, har ƙwayoyin cuta za ka gani a hannun yaro. Da kwalin ya iso sai ga 60 zuwa 120 a jikinsa ɓaro-ɓaro. Na kira ƙanwata da ke aiki a ɗakin gwajin jini, ta yi ta min dariya, ta ce Yaya ai mu kanmu kafin mu ga ƙwayar maleriya sai mun shafa jinin a gilashi mun rina shi da kala, mun ɗiga wani mai, sannan a duba da babban madubi a sau 1000 na gaske. Toh ka ji fa. Duk mai son nuna wa yara ƙwayoyin cuta kar ma ya ɓata kuɗinsa a wannan.

Amma abin da yake iya nunawa, wallahi ni kaina sai da na zauna dirshan a tsakar gida. Gishiri muka fara sawa, ashe kowace ƙwaya 'yar akwati ce mai kusurwa huɗu tsaf kamar an yanka da reza, sukari kuma siffarsa daban. Muka ɗora a allon waya, farin da muke gani ashe ɗigo-ɗigo ne na ja da kore da shuɗi a jere. Siririn bawon cikin albasa, wannan mai kama da leda, ya fito kamar ginin bulo. Babbar, mai shekara 8, ta tsinto mataccen malam-buɗe-littafi a gindin zogale, wannan garin da ke manne wa yatsa in ka taɓa fiffiken ashe ɓawo-ɓawo ne ƙanana an jera su kamar na kifi. Ta kusa awa ɗaya a kai ko abinci ba ta nema ba. Ita da kanta ta ƙirga ƙafafun tururuwa 6, na gizo-gizo 8, ta zo tana min gardama wai ashe ba danginsu ɗaya ba, na ce ai kin yi gaskiya.

Ranar da abin ya biya kuɗinsa kuwa ita ce ranar tsohuwar tayar da Abbansu ya jingine a bayan kicin tun bara yana cewa zai yi amfani da ita. Ruwan Agusta ya taru a ciki, ga wasu 'yan abubuwa suna ta wutsil-wutsil. Muka ɗebo da cokali muka ɗiga a murfin roba. Kai, abin ba kyan gani, ga kai ƙato, ga gashi-gashi a jiki, ga wani ɗan bututu a wutsiya. Tsutsar sauro ce, da bututun take shan iska shi ya sa take rataye kai ƙasa a saman ruwa. Ƙanwar tawa ta ce ta sauron da ke kawo maleriya ba ta da bututun, kwanciya take yi miƙe a saman ruwan, kuma macen sauro ce kaɗai ke cizo don jinin take buƙata ta yi ƙwai. Muka zuba kaɗan a kwalba muka ɗaure bakin da yankin tsohon gidan sauro, kullum da safe kafin ma su wanke ido sai sun leƙa, suka ga sun dunƙule sun koma kamar waƙafi, kafin sati ya zagayo sai ga sauro sosai yana tashi a cikin kwalba. Na tsakiyan ya ce Umma ashe a gidanmu ake haifarsu? Tun ranar in aka yi ruwa su ke bi suna kife gwangwani da baho, tayar ma sai da suka matsa wa ubansu ya fitar da ita, abin da na yi shekara ina magana ba a ji ba.

Matsalolinsa, saitin yana da wahala. Sai ka manna shi a jikin abu kana murza ɗan wilin a hankali, hannu na motsawa kaɗan hoton ya gudu. Autana mai shekara 4 ya kasa, rufe ido ɗaya ma aiki ne a wurinsa, sai ya yi fushi ya wurgar. Shi gilashin ƙara girma mai mariƙi na siyo masa a shagon littattafai, ya fi masa daɗi nesa ba kusa ba, yana bin ƙadangaru da layin cinnaka da shi. Sai dai a sa ido, yayansa ya gano yana tara hasken rana har ya ƙona takarda, na tarar da su suna shirin gwadawa a tabarmar Hajiya. Ɗaga dutse ko bulo kuma na hana sai ina wurin, saboda kunama.

Abin maƙala waya da ya zo a kwalin kwana 3 ya yi ya karye, roban kamar biskit. Murfin batir ma yanzu salatif ke riƙe da shi. In an manta fitilar a kunne kuwa da safe sai sabon batir.

Zan ƙara siya? Eh, ga yaro daga shekara 6 zuwa sama, in har akwai babban da zai zauna da shi kwanakin farko, don in ka miƙa masa ka tafi a akwatin kayan wasa zai ƙare. Hajiya da ta ce ɓarnar kuɗi ce, jiya na same ta da shi a ido tana duba goronta, ta ga tsutsa a ciki, ta ce a maida wa mai goron.