Mai horar da karnuka da ya kai mu dajin Epe

Gaskiya tun da na zo Agege a Legas karena bai taɓa sanin daji ba, kullum yana ɗaure a bakin get sai haushi. Wani abokina ɗan Mile 12 ne ya haɗa ni da wani mai horar da karnuka, sati uku yana koya masa dawowa in an yi fito, sannan ranar Asabar muka tafi wajen Epe.

Abin da ya burge ni, kafin ya yarda ya ɗauke mu sai da ya ga katin allurar haukan kare. Da muka isa ya ce "Alhaji kwance shi kawai", wallahi gabana ya faɗi, ga awaki can gefen gonar rogo, amma fito ɗaya ya juyo a guje harshe waje ƙafafu duk laka, ban taɓa ganinsa cikin farin ciki haka ba.

Matsalata biyu, mai horarwar ya makara sosai har go-slow ɗin Ajah ya ci mu, kuma bai gargaɗe ni kan kaska ba, sai a gida na ciro su a kunnen karen. Kuɗin ma da ɗan tsada. Amma wata mai zuwa insha Allah zamu koma.