Gargaɗi ga makaɗan Kaduna: ku yi hattara da mai tallar fedar juya shafi

'Yan'uwa masu kaɗa fiyano, jita da masu busa, musamman na Sabon Tasha, Barnawa da Narayi, ku taimaka ku yaɗa wannan. Akwai wani da ke yawo a zaurukan WhatsApp na mawaƙa da Facebook yana tallar fedar juya shafi. Ni ya cuce ni naira 38,000, kuma ba ni kaɗai ba ne.

Duk wanda ya taɓa kiɗa da nota, wato rubutun kiɗa, a gabansa a kan tablet ya san inda gizo ke saƙa. Hannu biyu suna kan fiyano, waƙa ta kai ƙarshen shafi, dole ka saki hagu ka shafi fuskar tablet, kafin ka dawo mawaƙa sun wuce ka. Fedar nan ita ce maganin abin: tana ƙasa kusa da ƙafarka, ka taka dama shafi ya ci gaba, ka taka hagu ya koma baya. Na daɗe ina sonta, shi ya sa da na ga hoton fedar kamfanin AirTurn a wannan farashi ban tsaya dogon tunani ba.

Bakinsa zaƙi kamar zuma. "Yallaɓai, guda biyu suka rage, wani daga Zariya ma yana jira." Na ce zan zo shago in gani. Ya ce kayan suna Legas, in tura kuɗi zai sa a mota. Bayan kwana huɗu direba ya kira ni na je tashar Television na karɓi kwali, an naɗe shi da salatif kamar ana tsoron iska ta shiga.

Ranar Asabar wajen koyon waƙa na haɗa ta. Ta kama Bluetooth kuwa, har na yi murna. Na taka dama, sai ƙarar tablet ta ƙaru, shafi na nan inda yake. Na taka hagu, shiru. Washegari na kai wa wani yaro mai gyaran waya, ya kwance ta a gabana. Abin da ke ciki ɗan rimot ne na ɗaukar hoton selfi, an manna shi da gam a ƙarƙashin takin dama, sai wani guntun ƙarfe da aka sa don ta yi nauyi a hannu. Ɓangaren hagu ko waya ɗaya babu. Yaron ya ce, "Baba, wannan ai ko dubu biyu bai kai ba." Ban iya ce masa komai ba.

Ku gane, fedar gaskiya, ko AirTurn ce ko PageFlip ko Donner, tablet na ɗaukarta ne a matsayin kibod, tana aika umarnin kibiya ko na sauya shafi, shi ne manhajojin karanta nota irin su MobileSheets da forScore ke fahimta. Kuma ta bambanta da fedar jan sauti ta fiyano mai doguwar waya, wadda na ji ita ya aika wa wata 'yar'uwa, ya yanke wayar ya ce mata "wayales" ce.

Kada ku yarda da hoto ko bidiyon da aka turo. Ku ce ya kira ku ta bidiyo kai tsaye, ya taka gaba ya taka baya kuna kallon shafi na juyawa. Mafi alheri ma ku ɗauki tablet ɗinku ku je shagon kayan kiɗa ku gwada kafin kuɗi ya bar hannunku. Ku kuma duba sunan asusun, nawa sunan da ya fito daban yake da wanda yake amsawa, ya ce na ƙaninsa ne.

Tun ranar ya toshe lambata, amma jiya wani abokina ya ga tallar da sabon suna, hotunan dai su ne. Na kai ƙorafi bankina da rasit da hotunan hirarmu, kuma EFCC na da ofishi a nan Kaduna. Wanda abin ya shafa ya adana rasit ɗinsa ya yi mini magana, ranar Litinin za mu je tare.