Shuɗin tamfol: arharsa da inda yake ba da kunya

Da kaka ta kama, daga Kura har Haɗeja, ko'ina shuɗin tamfol ne shimfiɗe da shinkafa ko barkono. Mutane da yawa sun ɗauka launin ne ke tare ruwa. Ba haka ba ne. Masana'antu da dama, musamman masu yi wa kasuwar Amurka kaya, sun saba nuna kauri da launi: shuɗi shi ne mafi rashin kauri, milimita 0.13 zuwa 0.15, sai rawaya, kore, sannan ruwan azurfa. Al'ada ce kawai, ba kowane kamfani ke bin ta ba. Shi kuma shuɗin rinin, wanda ake kira ftalosayanin, yana da arha, yana jure zafin narka roba, kuma kaɗan ake zubawa ya rina mai yawa.

Shi tamfol ɗin saƙar zaren leda ce irin ta buhu, aka like ta da leda sama da ƙasa. Rana ce ajalinsa. Mai arha ba a cika sa masa isasshen maganin rana ba, don haka idan ya daɗe a fili sai ledar saman ta fara ɓarewa, ka murza ka ga shuɗin gari a tafin hannu. A nan baƙi ya fi shi, domin baƙin rinin yana kare robar daga rana.

Kafin a biya, a ɗaga shi saitin rana: idan haske na ratsowa ta ramukan saƙar, kada a saya. A kuma ɗora a sikeli. Mai mita 4 da 5, idan giram 80 ne kowace murabba'in mita, kilo 1.6 zai yi, mai giram 180 kuwa kilo 3.6. A auna faɗinsa ma, don sau da yawa girman da aka rubuta na kafin a naɗe bakin ne.

Zobban da ke gefensa, inda ake zura igiya, kada a dogara da su, iskar farkon damina tana fizge su. A ƙunshe ɗan dutse a kusurwa, a ɗaure da robar tiyub.

Wajen shanya da sussuka ya biya kuɗinsa, in dai an share ƙasa daga tushiyar kara, an kuma naɗe shi an kai inuwa bayan aiki. Rufe buhunan hatsi na watanni kuwa ba aikinsa ba ne. In ta kama dole, a jera buhunan a kan katako, a bar kafar iska ta gefe, don gumin da ke taruwa a ƙarƙashinsa shi ke sa masara fumfuna.