Saitin sarƙar GL mai duwatsu: inda yake fitar da ke kunya da inda yake ba ki kunya

Duk wadda ta shiga layin masu sarƙa a Kasuwar Sabon Gari ta Kano, ko ta leƙa shafukan masu kayan ado a Instagram, ta san saitin da ake kira GL: sarƙa, ɗan kunne, zobe da abin hannu a kwali ɗaya. Shi ya cika akwatunan lefe yanzu, tunda gwal ya yi tsadar da ba kowa ke iya haɗa saiti biyu ko uku ba. Kaya ne mai kyau ga wadda ta san abin da ta saya. Da yawa suna ɗauka gwal ne mai sauƙin kuɗi, alhali tagulla ce aka yi wa wanka da ruwan gwal.

Kaurin ruwan nan shi ne ingancin kayan gaba ɗaya. Ana auna shi da maikiron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Na araha ba ya kai rabin maikiron, mai nagarta kuma yakan kai 2.5 ko fiye. GL suna ne kawai na kasuwa, ba ya gaya miki kaurin, shi ya sa za ki ga saiti biyu iri ɗaya a ido, ɗaya ya shekara yana walƙiya, ɗaya ya koɗe kafin a gama bikin da aka saye shi dominsa. Kada tambarin "18K" a jikin maƙalli ya ruɗe ki. Idan akwai GP a gefensa, wato "gold plated", ruwan gwal ne kawai aka yi masa. Gwal na gaske ana buga masa 750 idan karat 18 ne, 875 na karat 21, 916 na karat 22, kuma a kan sikeli ake sayar da shi, giram-giram. Gwajin maganaɗisu da ake yawan yi bai isa ba, domin tagulla ma ba ta kama shi. Idan ya kama, abin da ya nuna miki kawai shi ne an sa baƙin ƙarfe a ciki, kuma irin wannan a bar shi a shagon.

Kafin ki biya, juya sarƙar ki dubi bayanta. Mai kyau launin gaba da na baya ɗaya ne, santsi ko'ina. Idan bayan ya yi fari-fari ko kaushi, an yi rowar ruwa. Ki buɗe maƙallin ki rufe kamar sau biyar, ya riƙa komawa da ƙarfinsa. Ƙaramin zoben da ya haɗa maƙalli da sarƙa shi ne ya fi tsinkewa, ki tabbata bakinsa a liƙe yake, ba lanƙwasa shi kawai aka yi ba. Sai duwatsun. Zirkon, wato dutsen nan mai ƙyalli da ake sa wa irin wannan saiti, yana da tauri, ba ya saurin ƙarcewa, amma yadda aka dasa shi ya fi shi kansa muhimmanci. Wanda ƙananan faratan ƙarfe suka riƙe yana daɗewa. Wanda aka manna da gam, zafi da gumi suna sassauta shi, a wayi gari sarƙa ta yi giɓi. Ki goga saitin a jikin tsohon mayafi: idan ya kama zare, haka zai yi wa sabon mayafinki ranar biki.

A wajen fita kam, GL ba shi da laifi. A kan shadda ko yadi marar zane, babban saiti mai duwatsu yana cika wuya, daga nesa ba mai bambanta shi da gwal. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗora shi a kan leshi mai duwatsu, ado ya hau kan ado, ido ya rasa inda zai tsaya. Leshi irin wannan ɗan kunne da zobe sun ishe shi, ko siririyar sarƙa. Atamfa mai yawan zane ma ta fi son saiti marar launi, ruwan gwal zalla. Idan dole sai dutse mai launi, ki zaɓi launin da ya fi ƙanƙanta a jikin atamfar, shi za ki maimaita a mayafi ko jaka, ba duka ba. Tsawo ma a kula: sarƙa mai inci 16 tana zama a gindin wuya, ta dace da riga mai buɗaɗɗen wuya, mai inci 18 tana sauka ƙasa kaɗan, rigar da aka yi wa aiki a ƙirji kuwa ba ta buƙatar sarƙa ko kaɗan. Ƙarfen jikin jaka, agogo da takalmi su bi launin saitin. Ga mai sa hijabi ko babban mayafi, kuɗinta ya fi amfani a zobe da awarwaro, tunda su ake gani.

Ɗan kunnen manyan saituka yakan yi nauyi. Wanda ya ja fatar kunne ƙasa tun a shago zai faɗaɗa hujin a hankali, wani lokaci har ya tsaga shi.

Inda GL yake ba da kunya shi ne sawar yau da kullum. Humra, man shafawa, gumi da ruwan alwala suna cin ruwan gwal, hayaƙin turaren wuta kuma yana barin maiƙo a kan duwatsu su dusashe. Da tagullar ta bayyana, wuya zai fara yin kore, kuma idan an sa farin ƙarfen nan da ake kira nikel a ƙarƙashin ruwan gwal ɗin, mai fata marar juriya za ta ga ƙaiƙayi da ƙuraje a kunne. Zobe ne ke fara koɗewa, sai abin hannu, sarƙa da ɗan kunne su ne na ƙarshe. Don zuwa aiki ko makaranta, gara sarƙar sitil mai lamba 316L. Launinta bai kai na GL taushi ba, amma ba ta tsatsa, ba ta damu da ruwa ba.

Ki gama turara jiki da kaya, ki shafa humra, ki jira kamar minti goma, sannan ki sa saitin. Da kin dawo ki cire, ki goge da ƙyallen auduga mai laushi, kowane yanki ya shiga ledarsa daban don kada duwatsu su ƙarce ruwan. Idan ya yi dauɗa, ruwan ɗumi da ɗigo ɗaya na sabulun ruwa sun isa, a ɗauraye a busar nan take. Toka, lemon tsami da man goge baki suna lalata ruwan gwal.