Wane sabulun ɗakin gwaji za ka saya don fasa niyosom?

Ɗalibin harhaɗa magunguna da ya haɗa niyosom, wato 'yan jakunkuna masu ɗaukar magani da ake yi da wani sinadari mai suna Span 60 da kolestarol, dole ya zo ya fasa su don auna yawan maganin da suka ƙunsa. Kafin ka biya kuɗin kwalba, ka san yadda fashewar take.

Da farko ƙwayoyin sabulun suna kutsawa cikin tantanin jakar. In ka ƙara, tantanin ya ƙoshi, ya fara ɓarɓashewa zuwa 'yan dunƙule da ake kira misel. Daga nan sai ruwan da yake fari kamar nono ya koma garau. Waɗannan matakai uku ne masana Helenius da Simons suka bayyana a 1975. Abin lura: yawan sabulun da kake buƙata yana bin yawan jakunkunan da ke cikin ruwan, kuma kolestarol yana ƙara wa tantani taurin kai.

Triton X-100 shi ne aka fi sani, kuma da dalili. Yana fara dunƙulewa zuwa misel da zarar yawansa a ruwa ya kai wajen milimola 0.25 a lita, yana ratsa tantani da sauri, kwalba ɗaya ta daɗe. Amma yana shan haske mai tsawon zango wajen nanomita 275 zuwa 280, kuma da yawan hasken da magani ya sha ake auna shi. In maganinka a can ake karanta shi, Triton zai haɗe da shi ya ba ka lissafin ƙarya, kuma wannan kuskure ne mai cin rai, domin ba ka gane shi sai aiki ya yi nisa. Cire shi ta dayalisis, wato tacewa ta siririn tantani, yana da wuya. Tarayyar Turai ma ta taƙaita amfani da shi daga Janairun 2021 saboda illarsa ga halittun ruwa.

SDS yana da araha, amma yana warware furotin, yana kwanta in ruwa ya yi sanyi ko akwai fotasiyam a ciki. Mai aiki da inzayim, wanda shi ma furotin ne, ya bar shi.

Oktil gulukosayid ya fi tsada, kuma sai ya kai milimola 20 zuwa 25 yake dunƙulewa, don haka za ka zuba da yawa. Wannan ɗin ne kuma amfaninsa: yana fita ta dayalisis cikin sauƙi. Kuma ba ya taɓa karatun nanomita 280, ba ya lalata furotin. Tween 20 kuwa sanyin hannu gare shi, bai cika narkar da tantani ba.

Ni dai, in abin da za a auna rini ne mai launi, Triton zan saya. In furotin ne ko maganin da ake karantawa kusa da 280, zan ƙara kuɗi in ɗauki ƙaramar kwalbar oktil gulukosayid, in ajiye ta a firji, a rufe da kyau, domin garinsa yana jan laima.