Danjar Tsohuwar Mota: Me Za Ka Saya Don Na Bayanka Ya Gan Ka?

Shekara da shekaru ina tuƙa tsohuwar motata ban taɓa ganin bayanta tana tafiya ba. Sai wata magariba da na ba abokina makulli, ni kuma na bi shi a baya cikin tasa motar. Abin da na gani ya sa jikina ya yi sanyi. Danjar nan da nake gogewa duk mako ba ta wuce garwashi biyu da toka ta fara rufewa ba. Da ya taka birki a mahaɗar hanya, sai da na ga bayan motar yana matso ni kafin na lura wutar ta ɗan ƙaru. Ni da na san motar ke nan, kuma idona a kanta yake. To ina ga direban da ya saba da jan wutar motocin zamani, yana zaune can sama cikin doguwar mota, rabin hankalinsa a wani wuri?

Ba laifin waɗanda suka ƙera motocin ba ne. A zamaninsu kowa danjarsa haka take, gudu bai kai na yanzu ba, idon direba kuma ya saba neman ƙaramar wuta. Ford Model A ƙirar 1928 zuwa 1931 da danja ɗaya tak take fitowa, a gefen hagu. Yawancin motocin Amurka da bolt 6 suke aiki har tsakiyar shekarun 1950, Volkswagen Beetle ma ta kai wajen 1967 a haka. Ga kuma dainamo, wanda ba ya cajin kirki idan inji na tsaye yana numfashi a hankali. Wato a daidai lokacin da ka tsaya ƙafarka na kan birki, kana jiran na baya ya gan ka, a lokacin ne wutar motar ta fi rauni.

Kafin ka fitar da ko sisi a kan ƙwan fitila, nemi mitar awon wuta. Kunna danja, sa wani ya taka birki, ka auna abin da ke kan batir, sannan ka auna abin da ya iso soket ɗin baya. A mota mai shekara 50 ko 60 ba abin mamaki ba ne ka tarar bolt ɗaya ko fiye ya zube a hanya: a fiyus mai tsatsa, a makunni, a mahaɗin waya da ya yi kore. Ƙwan fitila mai zare ba ya yafe wannan. Ƙarfin wuta ya ragu da kashi 10 cikin 100, haskensa zai ragu da kusan kashi 30. A mota mai bolt 6 kuwa rabin bolt kaɗai ya kusa kai wannan asarar. Babban mai laifi galibi wayar at ce, domin a tsofaffin motoci wutar kan koma batir ne ta jikin gidan danja da bodi, ta cikin kusoshin da suka daɗe da cin tsatsa. Alamarsa sananniya ce: ka taka birki wata fitila daban ta lumshe, ko ka sa sigina danja ta riƙa ƙifta ido tare da ita. Ja sabuwar waya daga soket zuwa tsabtataccen ƙarfe, ka kankare wurin har ya yi sheƙi, ka shafa masa ɗan giris.

Daga nan buɗe gidan danjar. A tawa na tarar da ƙurar da ta zama laka ta bushe a bayan gilashin, farantin da ya kamata ya mayar da haske kuma ya yi baƙi ƙirin. Ruwan ɗumi da sabulu da tsohon buroshin haƙori suka isa gilashin. Farantin kuwa farin fenti mai sheƙi na fesa masa, kuma shi nake ba kowa shawara a kan fentin nan mai ruwan azurfa, wanda in ya bushe yakan koma toka-toka. Sabuwar robar da ke hana ruwa shiga ita ce abu na farko da na saya, kuma ban yi nadama ba.

Yanzu sai zancen ƙwai, inda kasuwa ta fi ruɗa mutane. Abin da za ka riƙe shi ne: ba yawan haske kaɗai ake nema ba, tazarar da ke tsakanin danja da wutar birki ake nema. Na baya ba ya auna haske, canji yake gani. Ƙwan da aka fi sani a motocin bolt 12, mai lamba 1157, zare biyu gare shi: na danja mai ƙarfin kyandir 3, na birki mai 32. Ninki goma ke nan. Takwaransa na Turai, P21/5W, wat 5 ne da wat 21. Duk ƙwan da zai rage wannan tazara, komai ƙyallinsa, baya ya mayar da kai.

Mafi sauƙin canji shi ne ƙwai mai zare da ya fi naka ƙarfi. Mai lamba 2357 yana shiga soket ɗin 1157 ba tare da an taɓa komai ba, zaren birkinsa kyandir 40 ne, na danja kuma yana nan a 3, saboda haka tazarar ma ƙaruwa take yi. Zaren yana zaune daidai inda aka tsara gilashin ya tattara haske, filasha, wato na'urar da ke sa sigina ƙiftawa, ba ta san an canja komai ba. Illarsa ba ya daɗewa kamar 1157, kuma ƙarin ba mai yawa ba ne. Ga wanda ke son motarsa ta zauna yadda aka ƙera ta, wannan zaɓi ne mai mutunci. Akwai kuma na halojin masu irin wannan gindi. Suna da haske, amma suna da zafi ƙwarai. In murfin danjarka gilashi ne na gaske babu damuwa sosai, in na roba ne kuma gidan ƙarami, ka bar su, domin murfin da ya narke a tsohuwar mota wani lokaci sai ka shekara kana neman irinsa.

LED shi ne abin da kowa ke tambaya, kuma yana da hujjarsa. Wutar da yake ja kaɗan ce, abin da ke sauƙaƙa wa tsofaffin wayoyi da dainamo. Sannan yana kamawa nan take, alhali zare sai ya ɗauki wajen kashi biyu cikin goma na daƙiƙa kafin ya yi ja sosai. A gudun kilomita 100 cikin awa, wannan ɗan lokacin ya haura mita 5, tsawon mota guda ke nan da ka ba na bayanka kyauta. Amma nan ne kuma aka fi yin asarar kuɗi.

Kuskure na farko shi ne sayen fari. Bayan jan murfi, ja ake sawa. Murfin tacewa yake yi, ja kawai yake bari ya wuce, farin LED kuwa jan da ke cikinsa kaɗan ne, sai ya fito da wani launi mai kama da ruwan hoda, ga rauni. Na biyu shi ne inda hasken ke fuskanta. Zare ko'ina yake haskawa, farantin baya ya tattara ya turo. LED mai kallon gaba kawai zai ba ka ɗigon wuta ɗaya a tsakiya, sauran murfin duhu, daga gefe kuma ba a ganin komai. In soket ɗinka ta ƙasa ko ta gefe yake shigowa abin ya fi muni, domin ƙwan rufin gidan zai haska. Nemi mai ƙwayoyi a kewaye da kuma sama. Na uku, wanda ya fi ba ni tsoro, shi ne masu arha da danjarsu ke da haske fiye da kima, birkin kuma ɗan ƙari kawai. Ƙa'idar Amurka ta ce a fitilar da ta haɗa biyun, wutar birki ta ninka danja aƙalla sau 3, a tsakiyar fitilar kuma sau 5. Kada ka yarda da lambobin da aka buga a kwali. Sa sabon a gefe ɗaya, bar tsohon a ɗayan, ka ja baya taku arba'in ka duba da idonka, da rana tsaka da kuma dare, a miƙe da kuma ta gefe. Kyamarar waya ba ta da amfani a nan, tana daidaita haske da kanta. Ka kuma sa a danne birki na wasu mintuna, domin LED mara kyau in ya ɗau zafi haskensa raguwa yake yi.

Tambayoyi uku za ka amsa kafin ka biya. Motarka bolt 6 ce ko 12? Wane kan batir ne ke haɗe da bodi? Motocin Ingila da yawa har cikin shekarun 1960, da Ford masu bolt 6, kan tarawa (+) ne ke jikin bodi, LED kuwa ba kamar zare ba, ya san gaba ya san baya, sai ka nemi wanda aka yi domin haka ko wanda ke karɓar kowanne. Sannan ƙusoshin nan biyu na gindin ƙwan, a jere suke ko ɗaya ya fi ɗaya bisa? Cire tsohon ka riƙe a hannu lokacin saye.

Sai filasha. Tsohuwar filasha da zafin wutar da ƙwai ke ja take aiki. In ƙwan da ka canja shi ne kuma ke ba da sigina, kamar yadda yake a yawancin tsofaffin motocin Amurka, za ta riƙa ƙiftawa da sauri ko ta tsaya cak. Za a tallata maka wani ɗan ƙarfe mai cinye wuta da ake haɗawa a waya. Yana aiki, amma yana zafin da zai ƙona hannu, kuma ya cinye duk rangwamen wutar da LED ya kawo. Sayi filasha ta zamani da aka yi wa LED, wadda ta dace da wutar motarka.

Sama da ƙwai guda akwai allon LED da aka yanka daidai gidan danjar wata mota. Shi ne mafi tsada, kuma in ka dace da mai kyau shi ne mafi kyawun sakamako, domin murfin gaba ɗaya yake cikawa da haske. Masu Mustang da Beetle da ire-irensu suna da zaɓi da yawa, mai motar da ba a yi da yawa ba sai ya yi haƙuri. Ka fifita wanda ke shiga tsohon soket a kan wanda sai an yanke waya. Ka kuma bincika dokar ƙasar da kake, domin a wasu ƙasashen Turai ba a yarda a sa ƙwan da ba shi da tambarin amincewa a gidan fitilar da aka yi wa zare ba.

In za a ce abu ɗaya kawai zan saya, to wutar birki ta uku ce, wadda ake ɗorawa a sama a tsakiya. Amurka ta wajabta ta a ƙananan motoci daga ƙirar 1986, Turai kuma daga 1998. Gwaje-gwajen farko a jikin tasi sun nuna raguwar karo ta baya da wajen rabi, amma da kowa ya saba da ita, binciken hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka na 1998 ya tsayar da amfanin a kashi 4.3 cikin 100. Wannan lambar ba ta rage mini ƙwarin gwiwa ba. Direbobin yau sun tashi ne suna ganin wuta uku, ita suke jira, tsohuwar mota kuwa biyu gare ta can ƙasa kusa da bamba. Ta ukun ba ta kamawa sai an taka birki, don haka babu zancen tantance ko haske ya ƙaru. Akwai siririya da ake mannawa a cikin gilashin baya, akwai mai maganaɗisu da ake cirewa ranar baje kolin motoci, ga wanda ba ya son huda bodi. Ta cikin gilashi a tabbata bakinta ya manne, in ba haka ba jan zai dawo maka a madubi da dare. Wurin haɗa waya kuma a kula: a motar da birki da sigina ke amfani da zare ɗaya, daga makunnin birki kai tsaye za a jawo ta, kafin wutar ta shiga makunnin sigina, in ba haka ba ita ma za ta riƙa ƙiftawa duk sanda za ka juya.

Na'urar da ke sa wutar birki walƙiya ban ba da shawararta ba. Ƙa'idar Amurka ta ce wutar birki ta kama ba tare da ƙiftawa ba, a motar da siginarta ja ce kuwa walƙiyar na iya sa na baya ya ɗauka juyawa za ka yi. Jan madubin nan mai mayar da haske kuwa, wanda ba ya buƙatar waya, ka ƙara guda biyu a ƙarƙashin bamba. Ranar da batir ya mutu a gefen hanya da dare, shi kaɗai zai rage maka.

Akwai wani ɗan abu da aka fi mantawa. Tsofaffin motoci da yawa makunnin wutar birkinsu a jikin bututun man birki yake, ba ya kamawa sai matsin mai ya kai wani mizani, in ya tsufa kuma sai an danna da ƙarfi. Kana rage gudu a hankali, bayanka shiru. Tsaya a baya ka sa wani ya taka sannu-sannu, ka ga inda wutar ke kamawa. A tawa sai da feda ta yi nisa. Na sa aka ɗaura ƙaramin makunni a jikin fedar kanta, wanda ke kamawa da zarar ƙafa ta taɓa, tsohon kuma na bar shi a wurinsa. Da na sake bin abokina a baya, tun bai fara rage gudu ba wuta uku suka tashi a gabana, jajur, har ina ganin jansu a kan bonet ɗin motar da nake ciki.