Na je ajin koyon Narcan a Bronx, ga yadda na same shi

Salamu alaikum 'yan uwa. Ni direba ne a nan New York, yawanci aikin dare nake yi, kuma abin da ya kai ni ajin nan wani fasinja ne da na ɗauko wajen ƙarfe biyu na dare, muna cikin tafiya sai na ji yana wani irin minshari kamar ana shaƙe shi, na kira na kira shiru. Allah ya sa 'yan motar asibiti sun zo da wuri, feshi ɗaya na Narcan, maganin da ke farfaɗo da wanda ƙwaya irin su heroin ta kayar, suka yi masa a hanci mutum ya buɗe ido. Tun ranar abin ya tsaya min a rai.

Wata ƙaramar cibiya ce a unguwarmu take koyarwa kyauta, ba a tambayar takardu, ba ruwansu da inshora. Bai kai awa ɗaya ba. Matar da ta koyar ta iya aikinta gaskiya, ta kawo mutum-mutumin roba kowa ya gwada da hannunsa. Ta ce in ka ga mutum ya zube, ka murza ƙashin ƙirjinsa da gaɓoɓin yatsu da ƙarfi, in bai motsa ba ka duba numfashi, ka duba ƙwayar ido ko ta ƙanƙance kamar kan allura. Abin da ya burge ni, ta lura kusan dukkanmu baƙaƙe ne sai ta ce kar mu tsaya jiran leɓe ya yi shuɗi, a irin fatarmu toka-toka yake yi.

Shi maganin naloxone ne sunansa, Narcan sunan da kamfani ya sa masa ne, miligiram 4 a kowane feshi. Kar ka danna don gwaji, shot ɗaya ne a ciki, ka danna ya tafi kenan. Ka kira 911, in minti biyu zuwa uku bai farfaɗo ba ka fesa na biyu a ɗaya hancin, sannan ka kwantar da shi ta gefe. Ƙarfinsa minti 30 zuwa 90 ne kawai, fentanyl kuwa, wata ƙwaya dangin heroin, ya ninka heroin ƙarfi kusan sau 50, mutum zai iya tashi ya sake zubewa, shi ya sa ba a tafiya a bar shi ko da ya tashi yana zagin ka, don wasu da faɗa suke farkawa. Kuma in ma ba ƙwayar ba ce ta kayar da shi, feshin ba zai cutar da shi ba.

Inda suka gaza: sun sa lokaci daidai magariba, kuma Turanci da Sifaniyanci kawai, wani dattijo ɗan Nijar da ke kusa da ni sai da na riƙa fassara masa a kunne. Batun hura numfashi baki da baki ma a gurguje aka wuce shi, alhali xylazine, maganin kwantar da dabbobi da ake gaurayawa cikin ƙwaya yanzu, Narcan ba ya karya shi, numfashin ne zai riƙe mutum.

A ƙarshe kowa aka ba shi 'yar jaka mai feshi biyu da safar hannu. Tun 2023 ana sayar da shi a kemis ba sai da takardar likita ba, da aka fara wajen dala 45 ne, to ka ga kyauta ba laifi. Ta ce kar a bar shi ya kwana a mota da zafi ko sanyin hunturu, nawa a aljihun jaket yake.

Da na nuna wa mutanenmu a bakin masallaci wani cewa ya yi "Alhaji me ya haɗa ka da kayan 'yan ƙwaya?" Na tuna masa yaron nan ɗan shekara ɗaya da fentanyl ya kashe a gidan raino a nan Bronx a 2023, shi me ya sha? Masu ajin dai maki huɗu cikin biyar na ba su, in suka gyara lokaci zan kai uwargida ita ma.